Sharhi kan memorin karatun tarihin Malam Abdullahi na Gwandu

A cikin jerin shagunan masu cajin waya da tura karatu da ke gefen babbar kasuwar Birnin Kebbi, akwai wani shago da yake sayar da katin memori wanda aka cika da karatun tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda mutanen ƙasar nan suka fi sani da Abdullahin Gwandu. Karatun na wani malamin zaure ne, an ɗauke shi a majalisinsa na bayan sallar isha'i, aka kasa shi zama 24, kowane zama tsakanin minti 40 da awa ɗaya. Memorin yana aiki a ƙaramar waya mai madannai da babbar waya, da kuma irin rediyon nan mai ramin memori da dattawa da masu tireda suke ajewa kusa da su, kuma ba ya buƙatar data. Na saya na saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma hukuncina shi ne ya cancanci kuɗinsa, sai dai ya ba takobin Malam Abdullahi lokaci fiye da alƙalaminsa, alhali alƙalamin ne ya riga shiga hannunsa, kuma shi ne ya fi daɗewa a ciki.

Ta fuskar ciniki babu abin zargi mai yawa. Kuɗin memorin tare da karatun bai wuce na mudu biyu na shinkafa ba, wanda kuma ya zo da nasa memorin akan tura masa a kan kuɗi kaɗan. Matashin da ke tsaron shagon yana da haƙuri da dattawa, domin yakan sa memorin a wayar mai saye, ya kunna masa ya ji da kunnensa kafin ya karɓi kuɗi. Na ji yana ce wa wani tsoho da ya zo daga wajen Kalgo, “Baba, in kun isa gida ya ƙi yi, ku aiko yaro da shi in sake tura muku, ba sai kun ƙara ko sisi ba.” Inda aka gaza shi ne wajen tsari. Ba a haɗa wa memorin ko 'yar takarda mai nuna abin da ke cikin kowane zama ba, kuma lambobi kawai aka sa wa zaman a madadin suna. Da yake an rubuta 1 da 2 da 3 ba tare da sifili a gabansu ba, wayoyi da yawa sukan jera zama na 10 a bayan na 1, sai mai sauraro ya baro Malam Abdullahi yana yaro a gaban mahaifinsa, ya tsinci kansa a tsakiyar yaƙi ba tare da ya san yadda aka yi aka kai can ba. Wannan gyara ne na 'yan mintoci, kuma bai kamata a bar wa tsoho mai ƙaramar waya shi ba.

Sautin ya fito sosai a mafi yawan zaman. Muryar malamin a natse take, ba ya gaggawa, kuma yana magana da Hausar yamma irin ta Gwandu da Sakkwato, wadda ta dace da labarin, ba kuma za ta gagari Bakano ko Bazazzagi ba. A zama uku ko huɗu na tsakiya ƙarar janareto ta shiga ƙarƙashin maganar, har baitocin Larabci da yake karantawa ba sa fita da kyau, kuma tambayoyin almajirai kusan duk ba a jin su, amsar kawai ake ji. Ga mai sauraro a cikin mota ko a wurin aiki wannan yana da damuwa, amma da abin sa wa a kunne ana iya bi.

Babban abin da ya ɗaga darajar wannan karatu shi ne inda malamin ya ɗebo ruwansa. Bai dogara da labaran baka da ake ji a bakin masu ziyara ba. Ya ɗora karatun a kan littattafai biyu da Malam Abdullahi ya rubuta game da kansa, wato Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, da Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ya kuma bayyana dalilin da ya sa ya yi kowace. Malamin yakan karanta nassin, ya fassara, sannan ya yi bayani, kuma yakan bambance wa masu sauraro abin da ke cikin littafi da abin da ya ji daga malamansa. Wannan ladabi ne da ba kasafai ake samunsa a irin waɗannan karatuttuka na waya ba, inda sau da yawa akan cakuɗa tarihi da karama har a rasa gane wanne ne wanne.

Zaman farko-farko sun bi ƙuruciyarsa. An haife shi wajen 1766, shekara 12 ke nan bayan Shehu, ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsu, sannan aka miƙa shi ga yayansa yana ɗan shekara 13. Daga nan ya bi malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu ya yi karatu a wurinsa. Mutanen Zamfara za su ji daɗin zama na huɗu da na biyar, domin a nan aka yi bayanin shekaru kusan biyar da Shehu ya yi yana wa'azi a ƙasarsu, Malam Abdullahi na tare da shi. A wannan zango ne wani malamin Barno mai suna Goni Mustafa ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisin Shehu, sai Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Malam Abdullahi ya amsa da waƙa, ya musanta cewa ana cakuɗa maza da mata, ya kuma kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi abin da ake gudu muni. Malamin ya tsaya a kan wannan amsa da kyau, kuma ya kyauta da ya tsaya, domin ta nuna matsayin Malam Abdullahi a cikin jama'a tun kafin a zare takobi: shi ne wanda ake miƙa wa alƙalami idan ana son amsa mai kaifi.

Daga zama na bakwai labarin ya shiga yaƙi, kuma a nan muryar malamin ta fi armashi. Ya bi harin da Gobirawa suka kai wa mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, da hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da mubaya'ar da aka yi wa Shehu, inda Malam Abdullahi ya fara miƙa hannu. Ya ba yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yuni na wannan shekara zama guda cur. A can ne Malam Abdullahi ya jagoranci rundunar da mafi yawanta 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, dawakansu ba su wuce 20 ba kamar yadda marubutan jihadin suka ruwaito, suka fuskanci Sarkin Gobir Yunfa da barade masu lifidi da Buzayen da suka zo taimakonsa, kuma suka yi rinjaye. Bai ɓoye abin da ya biyo baya ba. Ya faɗi yadda harin farko a kan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya ci tura, da yadda kibiya ta sami Malam Abdullahi a ƙafa, da kuma mummunar asarar da aka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama, har Malam Abdullahi da kansa ya miƙe yana ɗingishi domin ya tare masu gudu. Wanda ya saba jin tarihin jihadi a matsayin jerin nasarori zai amfana da wannan zama, domin zai ga yunwa da rauni da makoki a cikin sansani.

Abin da ya fi shafarmu a Kebbi ya zo a zama na 12 zuwa na 15. Ƙarancin abinci ya sa jama'ar Shehu suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a farkon 1805, kuma daga can ne Malam Abdullahi da Aliyu Jeɗo, sarkin yaƙin Shehu, suka fito da runduna suka nufo Kebbi, suka ci Birnin Kebbi a watan Afrilu, Sarkin Kebbi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa a madadinsa. Bayan 'yan watanni jama'a suka taso gaba ɗaya suka sauka a Gwandu. Malamin ya yi ƙoƙarin sa mai sauraro ya gane ma'anar wannan sauka. Mutane ne da suka fi shekara guda suna yawo da mata da yara da tsofaffi da dabbobi da buhunan littattafai, ba su da gona ba su da rumbu, suka sami kwari mai ruwa da ƙasar noma a tsakanin tuddai suka yada zango, alhali garin ba shi da ganuwa, kuma maƙiya na kewaye da su ta kusan kowace fuska. Kafin shekarar ta ƙare aka yi yaƙin Alwasa, inda rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Buzaye da Kabawa ta karya rundunar jama'a, Usman Masa ya juya baya, aka biyo su har bakin Gwandu, kuma da ƙyar aka kore maharan bayan kwanaki ana gwabzawa. Sai bayan wannan ne aka kewaye garin da ganuwa. Duk wanda ya san Gwandu, ya san tuddan da ke kewaye da ita, zai ji labarin nan a jikinsa, kuma malamin ya san wuraren, yana kwatanta su da sunayen da ake kiransu yau.

A nan ne kuma ya fara shimfiɗa abin da na ɗauka shi ne zuciyar karatun duka. Kafin Alwasa, wasu daga cikin mayaƙa sun auka wa wani gari da ke zaman amana da jama'a suka washe shi, Malam Abdullahi ya tsawata bai sami mai sauraronsa ba. Wannan ɓacin rai bai bar shi ba. Ya ga abokansa na farko, malaman da suka fito domin gyara, sun ƙare a fagen fama, ya ga waɗanda suka maye gurbinsu hankalinsu ya koma kan mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakan da ake sukuwa da su a cikin gari maimakon bakin daga, kuma ya faɗi haka a waƙa ba tare da sakaya ba. A 1807, ana kan hanyar yaƙi, ya sulale daga runduna da mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, sai ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani, daga bisani ya komo gida.

Masu ba da tarihi da yawa sukan bi ta kan wannan tafiya a gurguje, kamar abin kunya ne a ce wazirin Shehu kuma jagoran Tabkin Kwatto ya bar runduna. Wannan malami ya ba ta zama biyu. Ya karanta baitocin, ya fassara su ɗaya bayan ɗaya, bai sassauta lafazinsu ba, kuma bai mai da su zagi ga wani gida ko wata zuriya ba. Ya nuna cewa mutumin da ya fi kowa kaifin harshe a kan sarakunan Hausa shi ne kuma ya fi kowa kaifin harshe a kan nasa mutanen lokacin da ya ga sun fara kama hanyar da aka yi yaƙi domin a bari. A ganina waɗannan zama biyu kaɗai sun biya kuɗin memorin. Ina fata masu riƙe da amanar jama'a a jihohinmu, daga kansila har sama, za su saurare su, domin tambayar da Malam Abdullahi ya yi wa abokan tafiyarsa ba ta tsufa ba, kuma ya yi ta ne yana cikin masu mulkin, ba yana gefe ba.

Daga nan ne karatun ya fara gaggawa, kuma a nan ƙorafina yake. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka yi yaƙe-yaƙen yamma har aka ƙetare Kwara zuwa ƙasar Gurma, Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi, sannan a 1812 aka raba kula da ƙasa, yamma ta zama a hannunsa, gabas a hannun Muhammadu Bello ɗan Shehu. Shekarun da suka biyo baya su ne suka fi yalwar rubutu a rayuwarsa, amma zama ɗaya tak aka ware wa littattafansa, shi ma mafi yawansa jero sunaye ne. Liya'ut Ta'awil, babban tafsirinsa da ya kammala wajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4, bai sami ko minti 10 ba. Ba a bayyana wa mai sauraro cewa daga baya ya sake rubuta wani tafsirin mafi sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, wanda ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya domin ɗaliban ƙasarmu su iya ɗauka ba, alhali wannan ya nuna malami ne mai tunanin almajirin da bai yi nisa ba. Bahrul Muhiɗ na nahawu da Hisnur Rasin na sarfu, waɗanda ya tsara a waƙe kuma har yau ana karanta su a zaurukan ilimi, an ambace su ne kawai aka wuce. Almajirin da ya saurari wannan memori zai iya ba da labarin Tabkin Kwatto daki-daki, amma idan aka tambaye shi me ke cikin Liya'ul Hukkam, ko me Malam Abdullahi ya ce game da sharuɗɗan shugaba da aikin alƙali da haƙƙin talaka a kan mai mulki, ba zai sami abin faɗa ba sai kaɗan.

Haka nan ba a taɓo saɓanin fahimta da ya shiga tsakaninsa da Shehu ba a kan wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta irin na sarakunan da aka kawar, da kayan kiɗa, da sa tufafin ado, inda Malam Abdullahi ya tsananta, Shehu kuma ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya. Wataƙila malamin ya ga majalisin dare ba wurin wannan ba ne. Ni kuwa ina ganin an yi asarar darasi babba, domin wa da ƙane ne, malami da almajirinsa, suka yi saɓani a rubuce, kowa ya kawo hujjarsa, kuma zumunci da girmamawa ba su taɓu ba. A wannan zamani da saɓanin malamai ke raba masallatai da unguwanni, irin wannan misali ya fi labarin kowane yaƙi amfani ga matasanmu.

Shekarunsa na ƙarshe a Gwandu ma an taƙaita su fiye da kima. An faɗi rasuwar Shehu a 1817, da mubaya'ar da aka yi wa Bello, da sanyin da ya shiga tsakanin baffa da ɗan wansa, da yadda suka sasanta bayan Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, inda mutanen Abdussalami suka yi masa tawaye. An faɗi wannan cikin ladabi, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, kuma na yaba. Amma zaman Gwandu kansa, wato yadda mutum mai shekara fiye da 50 ya riƙe gari a bakin iyaka, yana karantarwa yana rubutu, ya miƙa yawancin harkar yaƙi da gudanarwa ga ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari na Tambuwal, bai sami kulawar da ta dace ba. Ba a yi bayanin ribaɗi ba, wato garuruwan tsaro da ake kafawa a bakin iyaka a zaunar da mutane su yi noma su yi karatu su kuma tsare ƙasa, tsarin da Bello ya ba muhimmanci har shi da kansa ya zauna a Wurno ya rasu a can a 1837. Ba tare da wannan ba, mai sauraro ba zai fahimci dalilin kafuwar garuruwa da dama da ke tsakanin Gwandu da Sakkwato ba, ba kuma zai gane yadda garin da aka fara da bukkoki ya zama cibiyar da daga baya Nupe da Ilori suke kai wa gaisuwa ba. Gwandu ta ci gaba da zama gidan littattafai bayan rasuwarsa a 1829, har Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso garin a 1853 a zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, a can ya sami kwafin Tarikhus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbuktu. Wannan gado ne na malami, kuma da an kawo shi da ya cike hoton.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa a matsayina na ɗan wannan jiha. A duk tsawon karatun, Kabawa ba su fito ba sai a matsayin abokan gaba da ake ci ko suke tayar da ƙayar baya. Malamin yana bin littattafan Malam Abdullahi ne, kuma ba a sa ran wanda ke cikin yaƙi ya rubuta tarihin abokin karawarsa, amma mai karantarwa a yau yana da damar ƙara abin da marubucin bai faɗa ba. Kebbi daula ce da Muhammadu Kanta ya kafa tun ƙarni na 16, mai birni irin Surame, kuma faɗuwar Birnin Kebbi ba ta kawo ƙarshenta ba. Hodi ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi, magajinsa Karari ya riƙe Argungu har 1831, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabawa a 1849, kuma ba a sake mallake su ba har zuwan Turawa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda bikin kamun kifi na yanzu ya samo asali daga gare ta, ita ce alamar rufe wannan babi. Yau Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru masarautu ne na jiha ɗaya tun 1991, 'ya'yansu na zama aji ɗaya, suna auren juna, kuma memorin nan zai shiga wayar jikan Bagwande kamar yadda zai shiga ta jikan Bakabe. Zama ɗaya da zai ba da labarin ɗaya ɓangaren cikin mutunci ba zai rage wa Malam Abdullahi komai ba, shi da ya tsaya a gaban mayaƙansa domin kare garin da ke da amana.

Wani ƙaramin abu shi ne malamin yana faɗin shekaru da lissafin Hijira kawai, kamar yadda suke a littattafan, ba ya kawo na Miladiyya. Ga almajiran zaure wannan daidai ne, amma ɗalibin sakandare ko na jami'a da zai rubuta jarrabawa sai ya nemi wanda zai juya masa. Da an sa 'yar takardar da na ambata, da sai a jera manyan shekarun a kanta ta lissafin biyu.

Wanda zai fi cin moriyar wannan memori shi ne mutumin da ya san sunan Abdullahin Gwandu daga fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi, ko daga jami'ar Aliero da aka sa wa sunansa, ko daga ziyarar hubbarensa, amma bai taɓa jin labarinsa a jere daga bakin wanda ya karanta littattafansa ba. Ya dace da direbobi da teloli da masu jiran shago, ya dace da mata a cikin gida, kuma malaman Islamiyya za su iya kunna wa manyan ɗalibai zama ɗaya a mako su tattauna a kansa. Wanda ya riga ya karanta Tazyinul Waraƙat a gaban malami, ko ya karanta fassarar Ingilishi da Mervyn Hiskett ya yi aka buga a Ibadan a 1963, ba zai sami sabon labari mai yawa ba, sai dai zai ji daɗin yadda aka warware baitocin da Hausa. Mai neman sanin fiƙihun Malam Abdullahi ko tafsirinsa ko ra'ayinsa kan mulki kuwa, wannan memori ƙofa ce kawai, dole ya nemi littattafan ya zauna gaban malami.

Ga wanda ya yi niyyar saye, ya roƙi mai shagon ya gyara masa lambobin zaman kafin ya bar wurin, ya sa sifili a gaban na 1 zuwa na 9 domin su jeru daidai, ya kuma duba cewa duka 24 sun shiga, tun da ƙananan memori marasa inganci sukan yanke na ƙarshe. Ga waɗanda suka ɗauki karatun kuma, roƙona shi ne su koma wurin malamin su ce, “Allah gafarta Malam, a ƙara mana kashi na biyu,” wanda zai ɗauki Liya'ul Hukkam babi-babi, ya ɗanɗana wa mutane tafsirin ko da na 'yan surori ne, ya yi bayanin zaman Gwandu da ribaɗoɗin yamma, ya kuma ba Kabawa zamansu. A wannan karon su nesanta janareto daga majalisin, su kuma ajiye wa almajirai abin magana na biyu domin a riƙa jin tambayoyinsu.